Ina Ƙasar Gonarka ta Tafi?

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ganin tsohon icce wanda saiwoyinsa suka fito fili? Ba iccen ne ya tashi ba. Ƙasar da ta rufe saiwoyin ce ta tafi. Yau za mu duba yadda ƙasa take tafiya, da abin da ya sami tamu a Dantchiao da Magarya da Dungas.

Mu fara da dutse. In ka je Damagaram, ka dubi manyan duwatsun unguwar Birni. Da rana su ɗau zafi, da dare su huce. Ruwan sama ya shiga tsaga, ya riƙa cin dutsen. A hankali bayansa ya ɓare, ya zama tsakuwa, tsakuwa ta zama rairayi. Haka ake samun ƙasa. Aikin dubban shekaru ne. Amma kwashe ta ba ya daɗewa.

Kowane wuri da yadda ƙasarsa take tafiya. Inda akwai tsaunuka da ruwan sama mai yawa, gefen tsauni yakan sha ruwa har ya yi nauyi, ya sulluɓo gaba ɗaya. Wannan ita ce zaftarewar ƙasa. Haka ta faru a Firitawun, babban birnin Saliyo, ran 14 ga Agusta 2017. An yi kwanaki ana ruwa. Da sassafe wani tsauni da aka sare itatuwansa ya rufto a kan gidaje. Mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace.

Mu ba mu da tsaunuka. Tamu jigawa ce. Ɓarayinmu biyu ne, iska da ruwa. Iskar farkon damana tana ɗauke ƙasar sama mai taki, ta binne geron da ya tsiro. Ruwa kuma ya bi gangare, ya yanka ƴar hanya, baɗi ta zama rami, wata shekara ta raba gona biyu. Wannan ita ce zaizayar ƙasa. Ta Saliyo rana ɗaya ta zo. Tamu sannu take zuwa, shi ya sa ba a yi mata kururuwa.

Kakanninmu sun san maganinta. Dattawa suna ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimun, cewa ya hana saran gawo, kuma hukuncin mai sara yana da tsanani. Ka san dalili. Gawo yana kaɗe ganye da damana, ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki. Da rani dabbobi su ci ƴaƴansa, su bar kashi a gindinsa. Rassansa su karya ƙarfin iska, saiwarsa ta riƙe ƙasa.

Da Turawan Faransa suka zo, aka matsa wa mutane da haraji, noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Magarya. Gonaki suka faɗaɗa, aka rage barin saura. A 1935 aka kafa dokar daji, ikon itatuwa ya koma hannun hukuma. Bayan mulkin kai a 1960 ma haka aka ci gaba. Manomi ya ga iccen da ke gonarsa ba nasa ba ne, in ya taɓa shi sai tara. To, don me zai raine shi? Lokacin sassabe sai ya share duk wani tsiro, ya sa wuta.

Sai ga farin 1973 da 1974, sai kuma na 1984. Dabbobi suka mutu, itatuwa suka bushe, gonaki suka zama fili fetal. Iska ta sami hanya. Wani sai ya yi shuka sau uku kafin gero ya kama.

Wahalar nan ita ta farkar da mutane. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A Maraɗin kuma wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba. In an rage tohonsu aka bar masu ƙarfi, sai su koma icce. Aka sa wa wannan suna sassaben zamani. A Magarya da Matamai da Mirya, manoma da kansu suka riƙa barin ƙananan gawo suna girma. Masu bincike da suka zagaya a 2006 sun ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo a yankunan nan uku sun kai wajen hekta miliyan ɗaya. Ba dasa su aka yi ba, barin su aka yi.

Ɗan'uwa, aikin bai ƙare ba. Mutane suna ƙaruwa, gonaki suna ƙanƙancewa, kowane murhu yana son icce. Bana in ka fita sassabe, duk kututturen da ya yi toho, ka bar masa biyu ko uku masu ƙarfi. Kada ka kwashe kara duka, ka bar wani kwance ya tare iska. In ka ga ruwa ya fara yanka, ka toshe da kara da ƙirare tun yana ƙarami.

Ka karanta wa maƙwabcin gonarka wannan labari, don iska ba ta san iyaka ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.