Sunan da ɗaliban Afirka ta Kudu suka raɗa wa kansu

A Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ba sai an zagi mutum ba kafin ya san matsayinsa. Allon da ke jikin benci a tashar jirgin ƙasa ya wadatar: wannan na Turawa ne, wancan na waɗanda ba Turawa ba. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta kasa mutane kashi-kashi, farare daban, 'yan asalin ƙasa daban, ruwa-biyu daban, daga baya aka ware Indiyawa. Idan jami'i ya yi kokwanto, yakan soka wa mutum fensir a gashi. In ya maƙale, to ba fari ba ne. Abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan shi ne yadda aka kira mafi rinjayen jama'ar ƙasa da abin da ba su ba, tamkar ranar suna a raɗa wa yaro "ba ɗan maƙwabci ba".

A 1967 ƙungiyar ɗalibai ta NUSAS, wadda Turawa masu sassaucin ra'ayi ke jagoranta, ta yi taro a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Wakilai farare suka kwana a ɗakunan jami'a, baƙaƙe kuwa aka kai su ɗakin taron wani coci a bayan gari. Cikinsu akwai Steve Biko, ɗalibin likitanci a Jami'ar Natal da ke Durban. Shi da abokansa suka ga cewa zaman 'yan rakiya ya isa haka. Suka kafa tasu ƙungiyar, SASO, aka ƙaddamar da ita a Turfloop a 1969, Biko ne shugabanta na farko.

A nan ne suka yi abin da nake gani ya fi kowane gangami nauyi. Suka ɗauki sunan "baƙi", suka faɗaɗa shi har ya wuce fata. A wurinsu baƙi shi ne duk wanda doka ko al'ada ta danne saboda launinsa, kuma ya yarda ya tsaya tare da 'yan'uwansa a gwagwarmaya. Da wannan ma'ana Bazule da Ba'indiyen Durban da ruwa-biyun Cape Town suka zama abu ɗaya, alhali gwamnati ta kashe shekaru tana raba musu unguwanni da makarantu don kada su haɗa kai. Ɗan sanda mai baƙar fata da ke dukan 'yan'uwansa kuwa, a ra'ayin Biko, bai kai ga wannan suna ba. Hukunci ne mai tsauri, amma na fahimci dalilinsa: sunan da aka zaɓa da kai yana zuwa da nauyin da za a ɗauka.

Ba su tsaya ga magana ba. Sun soki man bilicin da ake tallatawa a mujallun baƙaƙe, sun matsa wa jaridu lamba har Rand Daily Mail ta daina rubuta "waɗanda ba farare ba" a 1972. A 1975 suka buɗe asibitin Zanempilo kusa da King William's Town, ƙarƙashin Dakta Mamphela Ramphele, don talaka ya ga likita irinsa yana duba shi. Yaran Soweto da suka fito ranar 16 ga Yuni 1976 suna ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, da yawansu da wannan tunani suka taso.

Gwamnati ta gane haɗarin. Ta taƙaita zirga-zirgar Biko tun 1973, ta kama shi a Agustan 1977, 'yan sanda suka ji masa rauni a ka, suka ɗauke shi tsirara a bayan mota daga Port Elizabeth zuwa Pretoria, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Ya rasu ranar 12 ga Satumba yana da shekara 30. Ranar 19 ga Oktoba aka haramta SASO da sauran ƙungiyoyin tafiyar.

Ma'anar da ɗaliban suka ba sunan "baƙi" ba ta haramtu ba. Dokar bunƙasa tattalin arzikin baƙaƙe ta 2003 ta ce baƙi ya haɗa 'yan Afirka da ruwa-biyu da Indiyawa. A 2008 kuma babbar kotun Pretoria ta shigar da 'yan ƙasar masu asalin Sin, su ma da wariya ta shafa, bayan su da kansu sun kai ƙara suna neman a lissafa su cikin baƙaƙe.