Darwin da Ikkilisiya: Tarihin Koyarwar Juyin Halitta

Duk faston da ya daɗe yana hidima cikin matasa ya taɓa shan wannan tambaya daga bakin ɗan sakandare: “Baba Fasto, malaminmu ya ce daga biri muka fito, yaya ke nan da Littafin Farawa?” Sau da yawa mukan amsa da zafi, alhali ba mu san abin da Darwin ya faɗa ba, ba mu kuma san yadda ikkilisiyar zamaninsa ta karɓi maganar ba. Wannan darasi zai bi tarihin daga tushe.

Wanda aka tura karatun limanci

An haifi Charles Darwin a garin Shrewsbury na ƙasar Ingila ranar 12 ga Fabrairu, 1809. Mahaifinsa likita ne, ya tura shi Edinburgh ya koyi likitanci, amma yaron ya kasa jure ganin ana fiɗa ba tare da maganin kashe zafi ba. Sai aka mai da shi Cambridge a 1828 da nufin ya zama limamin cocin Angilika. A can ya karanta littattafan William Paley, malamin da ya ce in ka tsinci agogo a daji ka san akwai maƙerinsa, haka ma ido da fiffike suna shaidar Mahalicci. Darwin ya yarda da wannan hujja sosai a lokacin.

A Disamba 1831 ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, wanda aka tura auna gaɓar tekun Kudancin Amurka. Tafiyar ta ɗauki kusan shekara biyar. Ya tono ƙasusuwan manyan dabbobi da suka ƙare a duniya, ya ga suna kama da ƙananan dabbobin da ke raye a wurin. A tsibiran Galapagos, a 1835, ya tara tsuntsaye iri-iri. Bayan ya koma gida, wani masanin tsuntsaye, John Gould, ya nuna masa cewa da yawansu dangi ɗaya ne, sai dai bakinsu ya bambanta: wani kakkaura na fasa ƙwaya, wani siriri na kama ƙwari. Tambaya ta tsaya masa a rai: an halicci kowanne dabam ne, ko daga kaka ɗaya suka rarrabu?

Abin da ya koyar

A 1838 ya karanta littafin Thomas Malthus, shi ma limamin coci, wanda ya ce haihuwa takan fi abinci saurin ƙaruwa. Daga nan Darwin ya haɗa bayaninsa, wanda za mu kira zaɓin yanayi. Matakansa huɗu ne. Na ɗaya, ’ya’yan uwa ɗaya ba sa zama daidai da juna. Na biyu, wasu bambance-bambancen ana gadonsu. Na uku, ana haifar fiye da waɗanda za su rayu har su hayayyafa. Na huɗu, wanda bambancinsa ya dace da wurin zamansa shi ya fi barin zuriya, don haka siffarsa ke yaɗuwa. In aka daɗe ana haka tsara bayan tsara, in ji shi, sabon nau’i na iya fitowa.

Da kiwo ya fara kafa hujjarsa, shi da kansa ya kiwata tantabaru. Manomin da ke ware zangarniyar gero mafi kyau don iri, da makiyayin da ke zaɓen bijimin da zai bar wa garke, sun san wannan aiki. Darwin ya ce abin da mutum ke yi da gangan, fari da yunwa da cuta suna yi ba da niyya ba, cikin dogon zamani.

Ya yi shekara ashirin bai buga ba. A 1858 sai wasiƙa ta zo daga Alfred Russel Wallace, wanda ke tattara halittu a tsibiran da yau ke cikin Indonesiya, ɗauke da irin wannan tunani. Aka karanta takardunsu tare a Landan ranar 1 ga Yuli. Littafin Darwin kan asalin nau’o’in halittu ya fito ranar 24 ga Nuwamba, 1859, kwafi 1,250. Batun mutum sai a 1871 ya ɗauke shi sosai, kuma abin da ya ce shi ne mutum da manyan birai suna da kaka ɗaya a can da, ba wai birin da muke gani ne ya haifi mutum ba. Yadda gado ke aiki kuwa bai sani ba. Wani ɗan zuhudu, Gregor Mendel, shi ya buɗe wannan ƙofa a 1866 da gwajin wake a lambun gidan zuhudu, amma sai a 1900 masana suka waiwayi aikinsa.

Yadda ikkilisiya ta amsa

An fi tunawa da muhawarar Oxford ta 30 ga Yuni, 1860, inda Bishop Samuel Wilberforce ya kara da Thomas Huxley. Amma ikkilisiya ba ta yi magana da murya ɗaya ba. Charles Kingsley, limamin Angilika, ya rubuta wa Darwin cewa Allahn da ya yi halittu masu iya bunƙasa bai ragu da ɗaukaka ba. Asa Gray, masanin tsirrai a Harvard kuma mai bi na ƙwarai, ya kare littafin a Amurka, yana cewa hannun Allah na bi da sauyin. A kwalejin tauhidi ta Princeton, Charles Hodge ya rubuta a 1874 cewa koyarwar Darwin musun Allah ce. Ku lura da dalilinsa: abin da ya ƙi shi ne cire nufi da manufa daga halitta. B. B. Warfield, na wannan kwaleji, wanda ya shahara wajen kare rashin kuskuren Littafi Mai Tsarki, ya ga juyin halitta na iya zama hanyar da Allah ya bi cikin tanadinsa. Dukansu masu bi ne, kuma har yau ikkilisiyoyi suna rabe a kan waɗannan layuka.

Bangaskiyar Darwin kansa ta yi ta raguwa. Wahalar da ya gani cikin halitta ta dame shi, ga kuma rasuwar ’yarsa Annie a 1851 tana da shekara 10. A ƙarshe ya ce shi mai shakka ne, amma bai kira kansa mai musun Allah ba. Ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a cocin Westminster. Labarin da ya bazu tun 1915 cewa ya tuba ya janye koyarwarsa a gadon mutuwa, ’ya’yansa sun ƙaryata shi. Kada mu hau bagade da shi.

Akwai kuma tabo a tarihin. Wasu Turawa sun ɗauki wannan koyarwa suka jera ’yan Adam hawa-hawa, suka sa baƙar fata a ƙasa, suka halatta mulkin mallaka da ita. Darwin ya tsani cinikin bayi, duk da haka rubutunsa na 1871 bai tsira daga irin wannan jeri ba. Kimiyyar yau ta yi watsi da shi.

Abin da ya shafi hidimarmu

Zaɓin yanayi yana cikin ikkilisiyoyinmu. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga bincikensa a Gabashin Afirka, cewa mai jinin AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa wannan gado ya yawaita inda sauro ya yi yawa, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da shi. Faston da ke neman takardar gwajin jini kafin ya ɗaura aure, don gudun haihuwar mai sikila, da wannan ilimi yake aiki. Haka ma yadda kulorokwin ya daina jin zazzaɓi: ƙwayoyin cutar da suka jure maganin su suka hayayyafa.

Saboda haka, ’yan’uwa, mu raba abu uku: sauyin da ake gani da ido, da’awar cewa dukan masu rai tushensu ɗaya, da kuma falsafar da ke cewa babu Mahalicci. Na ukun ba a gwada shi a ɗakin bincike. A kan na biyun za ku ɗauki matsayi bisa nazarin Nassi da koyarwar ikkilisiyarku. Ko wanne kuka ɗauka, ku faɗi ra’ayin abokin hamayya yadda shi zai amince cewa nasa ne, domin dokar da ta hana shaidar zur ba ta cire Darwin ba. Yaron da ya gano fastonsa ya faɗi abin da ba haka ba game da darasin makaranta, zai fara shakkar sauran wa’azin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Mene ne ainihin abin da Hodge ya ƙi, kuma a ina Warfield ya bambanta da shi?
2. Yaya za ka amsa wa ɗan sakandaren nan cikin minti biyar, ba tare da ka ƙara wa Darwin magana ko ka rage wa Farawa 1 da 2 ba?