Satar Gida: Abin da Doka ta 11 ta Tanada da Dalilin Yawan Taƙaddama a Kanta

Satar gida ita ce doka ta 11 cikin dokokin ƙwallon ƙafa 17 da hukumar IFAB ke kula da su, kuma babu wadda ta kai ta tayar da musu tsakanin magoya baya.

Ɗan wasa yana wurin satar gida idan yana ɓangaren abokan hamayya, kuma kansa, gangar jikinsa ko ƙafarsa ta fi kusa da layin ragarsu fiye da ƙwallo da kuma ɗan wasansu na biyun ƙarshe. Galibi mai tsaron gida ne na ƙarshe, amma ba dole ba ne. Ba a lissafa hannu. Tsayuwa a wurin kaɗai ba laifi ba ce, sai ya taɓa ƙwallon, ko ya tare wa abokin hamayya gani ko hanya. Abin dubawa shi ne inda yake lokacin da abokin wasansa ya buga ƙwallon, ba lokacin da ta iso shi ba. A nan ne masu kallo da yawa ke kuskure. Babu satar gida a jifa, bugun kusurwa ko bugun gola. Tun 1990, wanda ya yi daidai da ɗan bayan bai yi laifi ba.

Wahalar tana kan mataimakin alƙalin wasa, domin ana so ya ga mai bugu da mai karɓa a ƙiftawar ido ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, an soke ƙwallon da Edin Dzeko na Bosniya ya ci Najeriya, alhali hotunan talabijin sun nuna bai yi satar gida ba. Peter Odemwingie ya zura ƙwallo ɗaya tilo, Najeriya ta yi nasara.

Na'urar VAR, wadda ta shiga gasar duniya a 2018, ta rage irin wannan kuskure amma ba ta kawar da shi ba. Ranar 30 ga Satumba, 2023, an hana Luis Diaz na Liverpool halastacciyar ƙwallo a wasansu da Tottenham. Alƙalin VAR, Darren England, ya ɗauka an amince da ƙwallon a fili, sai ya tabbatar da hukuncin, alhali hukuncin na soke ta ne. Hukumar alƙalan Ingila, PGMOL, ta amsa kuskuren, amma sakamakon ya tsaya 2-1, Tottenham ke da nasara.