Wasiƙun Sojojin Yaƙin Bama

Wasiƙun sojojin Yaƙin Bama su ne takardun da mayaƙan Nijeriya, waɗanda aka ɗauka aikin soja a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, suka riƙa aika wa matansu da danginsu, tun daga barikin horo har zuwa ƙasar Bama, inda Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka fafata da Japanawa a 1944 da 1945.

Kurtu, kafin a ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, sai ya sha horo a bariki irin na Zariya, inda ake tayar da shi da asuba, a koya masa fareti da harbi da doguwar tafiya ɗauke da kaya, galibi kuwa da Hausa, domin ita ce harshen da ya haɗa Bahaushe da Babarbare da Tibi a cikin soja.

Da yake akasarin sojojin ba su yi boko ba, wanda ya yi karatun allo yakan rubuta wasiƙarsa da ajami, wanda bai yi ba kuwa sai ya nemi wani ya rubuta masa, ya faɗi sirrin gidansa a kunnen baƙo, al'amarin da ba ƙaramin nauyi ne ga mai kunya ba. Hafsoshi sukan tace kowace wasiƙa, su soke sunan wuri, saboda haka abin da yakan rage bayan sallama shi ne gaisuwar iyaye, da tambayar damina, da batun kason albashin da ake biyan uwargida a gida, ko ya iso ko bai iso ba.