Ganin gada: yadda mutanen garinmu suka riƙa isa Yamai



Akwai wata al'ada da mutanenmu mazauna Yamai suka daɗe da ita. In baƙo ya iso daga gida, aka ba shi ruwa ya sha, ya sauke gajiyar mota, to kafin a shiga zancen aiki ko na likita ko na takardar da ta kawo shi, sai mai masauki ya ce masa ya sa takalmi a tafi ganin gada. Wanda ya koma gida bai ga gada ba, a dandali ba a sa shi cikin waɗanda suka je Yamai. Lokacin hutun lakkol na bi dattawanmu na tambaye su ranar da suka fara sauka birnin, na kuma duba abin da littattafan tarihi suka ce. Kowa da abin da ya tarar a bakin kogi, kuma daga abin da mutum ya ce ya gani ana iya gane shekarar da ya zo da abin da ya raba shi da gida.

Da farko dai Yamai ba birnin kakanninmu ba ne. A wurinsu in an ce birni, Kano ake nufi. Can fatakenmu suke kora jakuna, can suka san kasuwar Kurmi da dutsen Dala, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗarmu ma kudu take bi. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai kilomita 300 ba, harshe ɗaya ne, ga dangi duk tsawon hanya. Yamai kuwa ta wuce kilomita 650 yamma da mu, kuma a farkon zuwan Nasara ƴan ƙauyuka ne a gaɓar kogi. Damagaram ce babban birnin ƙasa har 1926, shekarar da gwamna ya kwashe ya koma Yamai. Dalilan da ake faɗi su ne ƙarancin ruwa a Damagaram da kusancinta da ƙasar Ingilishi. Ko a 1960, shekarar ƴancin kai, mutanen Yamai ba su wuce wajen 30,000 ba.

Na farkonmu da suka taka Yamai ba don son ransu suka je ba. Wasu soja aka ɗebe su, wasu aikin tilas, fasa dutse da gyaran hanya, kafin a hana wannan aiki a 1946. Da ƙafa suka yi yawancin tafiyar. Duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma abin da ɗiyansu suka riƙe daga bakinsu kaɗan ne: yunwar hanya, bulalar garda, da ruwa mai faɗin da ba su taɓa ganin irinsa ba. Waɗannan ba wanda ya kai su kallo.

Masu zuwa da kansu sun fara yawa a shekarun 1950 da na 1960. Bisa kamiyo suke tafiya, a kan buhuna, rawani naɗe da hanci don jar ƙurar burji. A bi Madawa, a bi Ƙonni, a kwana inda mota ta lalace. Har Dogon Dutsi mutum yana cikin Hausa, yana cinikin fura da bakinsa. Daga Dosso kunne yake fara jin Zabarmanci, a nan ne da yawa suka ce gabansu ya faɗi, don a cikin ƙasarsu suke amma ba su iya tambayar inda rijiya take. In an isa, Zongo ake nufa, unguwar baƙi da fatake, inda Hausa take ci.

Su waɗannan babu gadar da za a nuna masu, kogin kansa ake kai su gani. Ya kamata matasa su gane abin da wannan yake nufi ga mutumin ƙasarmu. Mu gulbi muka sani, wanda yake kawo ruwa da damina, kaka ta yi ya janye, da rani a haƙa rairayinsa a ɗebi na sha. Ɗan ci-rani kuwa bayan girbi yake barin gida, ya isa Yamai cikin ɗari, wata uku ko huɗu rabon sama da ɗigon ruwa, sai ya tarar da kogi cike har baki. Wani dattijo ya ce mini ya daɗe tsaye yana duban sama yana neman hadarin da ya zubar da shi. Bayanin kuwa shi ne kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda damanar kusa take kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka tun da damina a duwatsun ƙasar Gine, ya bazu cikin fadamun Mali ya yi watanni yana tafiya a hankali, bai iso Yamai sai Disamba ko Janairu. Tsawon kogin wajen kilomita 4,200 ne, 550 daga ciki a ƙasarmu. Ina koya ma yara wannan a aji da alli da taswira, amma ban taɓa ganin ya shige su kamar yadda ya shigi wanda ya tsaya a gaɓa da ƙurar Maraɗi a ƙafarsa ba.

Mai son ƙetarawa a lokacin sai ya shiga kwalekwale, ko ya jira jirgin fiton da ake ce ma bak, mai ɗaukar motoci da dabbobi da mutane gaba ɗaya. Yawancin namu ba su shiga ba. Ba abin da za su yi a wancan ƙetare, kuma ba mai iya iyo cikinsu.

Daga bakin kogi akan biya da baƙo gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1959, yanzu yana ɗauke da sunan Bubu Hama, tsohon shugaban majalisar ƙasa. Can ake ganin zaki da kura da dorina a tsare, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin a yi mutum, waɗanda aka tono a hamadar Agadas. A 1973 aka kawo gawar itaciyar Tenere, wadda ta daɗe ita kaɗai cikin hamada har wata mota ta kaɓe ta. Amma abin da dattawanmu suka fi ba da labari suna dariya shi ne ɓangaren gidajen gargajiya: mutum ya sha kwana biyu bisa buhu don ya ga birni, sai a nuna masa rumbu da bukka irin waɗanda ya baro a gida, an share masu fili, Nasara suna ɗaukarsu hoto.

A watan Disamba na 1970, zamanin shugaba Diori Hamani, aka buɗe gada. Kuɗin Amurka ne suka gina ta, aka sa mata sunan shugabansu Kennedy da aka kashe a 1963. Tsawonta mita 710. In ka lissafa da takun babban mutum za ka sami wajen taku 1,000, kuma akwai namu da suka ƙidaya da gaske don su sami abin faɗi a gida. Wasu sun riƙe ƙarfen gefe tun daga farko har ƙarshe, musamman in babbar mota ta wuce suka ji ƙasa tana motsi ƙarƙashinsu. Raƙuma masu kayan itace da tabarmi suna bi gefe ɗaya da motocin manya. A ƙasa ga masu wanki suna dukan tufafi bisa dutse, ga kwalekwale suna sauke kabewa. Gadar ce ta raya ƙetaren da Zabarmawa suke kira Harobanda, wato bayan ruwa, can kuma aka kafa makarantar da ta zama jami'a, wadda ta soma a 1971.

Murnar gada ba ta daɗe ba sai fari ya zo. Waɗanda suka isa Yamai a 1973 da 1974 ba ƴan ci-ranin da suka bar rumbu cike ba ne. Sun tarar da sansanin Lazare a bayan gari cike da Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare, suna jiran rabon tsaba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce. Bayan haka kuɗin uraniyum na Arlit suka shigo, aka tada manyan benaye, har da otel Gaweye a gindin gadar. Da yawa cikin iyayenmu sun ɗauki siminti da tsakuwa a irin waɗannan gine-gine. Wasu suka kama ga-ruwa, wasu teburin shayi, wasu tsire, wasu gadi. Suka zauna a unguwar Bukoki, wadda sunanta ma ya isa ya faɗi irin ɗakunan da aka fara kafawa a wurin. Mutanen wannan zamani in suna nuna ma baƙo gada sukan juya su nuna masa bene su ce da guminsu a ciki, ko da yake ba su taɓa hawa samansa ba bayan an gama.

Abin da ya juya fuskar garinmu yamma sosai shi ne abin da ya faru a kudu. A farkon 1983 Najeriya ta kori baƙin da ba su da takarda. A 1984 ta rufe iyakokinta, damina kuma ta ƙi, aka shiga yunwar da mutane suka sa ma suna El Buhari. Ƙofar Kano da kakanni suka saba bi in hatsi ya gaza ta toshe, sai Yamai. Waɗanda suka zo a lokacin sun tarar da babbar kasuwa ta ƙone tun 1982, sabuwar ba a buɗe ta ba sai 1987. Kuma su ne suka ga abin da na farko ba za su yarda da shi ba: a watan Yuni na 1985 kogin ya daina gudu a Yamai. Suka tsaya bisa gada suna duban rairayi da ƴan kududdufai, yara suna ƙetarawa da ƙafa. Wani ya ce mini a ranar ya tabbata yunwar ba ta garinmu kaɗai ba ce.

Sai ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin shugaba Ali Saibu. Ɗaliban jami'a suka taso daga Harobanda za su shiga gari, suna ƙin matakan tsuke kuɗin karatu da gwamnati ta shirya da masu ba ta bashi. Hanya ɗaya ce, ta kan gada. Jami'an tsaro suka tare su, aka yi harbi, ɗalibai uku suka mutu, wasu da dama suka ji rauni. Mako guda bayan haka jama'ar birni suka fito da yawan gaske. Kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa, a 1991 kuma aka zauna babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba. Filin da yake bakin gadar ta wajen gari ana kiransa dandalin shahidai, kuma kowace shekara ɗalibai suna tunawa da ranar. Akwai masu cewa wannan rigimar ƴan boko ce, ba ruwan mai teburin shayi. Ni ban yarda ba. Ɗaliban nan yawancinsu ɗiyan ƙauye ne, da kuɗin gero da na ci-rani aka kai su lakkol, kuma ƙuri'ar da kowane dattijo ya jefa a garinmu a zaɓen 1993 ta bi ta kan gadar nan kafin ta iso mu. Tun daga lokacin, mai masaukin da ya san abin da yake yi ba tsawon gada kaɗai yake nuna ma baƙo ba.

Ni kaina sa'ad da na fara zuwa, neman wata takarda ta makarantar horon malamai, da bas na zo, na bar Maraɗi da asuba na yi la'asar a Yamai. Kawuna ya kai ni gada kashegari bayan sallar la'asar, lokacin da motoci suka cushe ba gaba ba baya. Ya nuna mini inda bak yake tsayawa a da, da inda aka tare ɗalibai, sa'annan ya miƙa hannu gabas inda ƴan Sin suke kafa ginshiƙan wata gadar. Ita ce aka buɗe a 2011. Ƙidayar 2012 ta sami mutanen Yamai sun wuce miliyan ɗaya. A 2020 kogin da ya ƙafe a 1985 ya fasa shinge ya cinye gidaje a Harobanda, har da na wasu ƴan garinmu. A 2021 aka buɗe gada ta uku ta wajen Gudel, mai sunan Seyni Kunce.

Yaranmu da suke zuwa yanzu sun riga sun ga gadojin duka uku a cikin waya tun suna gida. Masu masauki kuma sun watsu a unguwannin nesa, zuwa bakin kogi sai an biya taksi, don haka wani yakan yi wata uku a birni yana tura baro a kasuwar Katako bai taka gada ba. Waɗanda ake kaiwa kuwa sun fi son sababbin, don sun fi faɗi kuma sun fi kyau a hoto. Tsohuwar tana nan da hanyarta biyu, ɗaya zuwa ɗaya dawowa, masu wanki suna shanya a ƙarƙashinta.