Hanyar Wayar Jela a Jirgin Haɗin Hannu: Nazari Kan Air Beetle

Duk bakaniken babur a Kazaure ko Babura ya san inda wayar kuloci ke tsinkewa: bakin hannu, wurin da take lanƙwasa tana gogar ƙarfe, sili ɗaya bayan ɗaya. Matsalar nan ce ke gaban mai haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa, sai dai shi ba ya da gefen titin da zai tsaya.

Irin wannan jirgi ba baƙo ba ne a Arewa. Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya harhaɗa a Kaduna, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon ta Amurka, mai sayar da jirage gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa da kansa. Rundunar Sojan Sama ta Najeriya ta yi odar guda 60 don horar da sababbin matuƙa.

A wannan zubi, sandunan ƙarfe ne ke motsa faifan fukafukai da na sama da ƙasa. Faifan jela kuwa, wanda ke karkata hancin jirgi dama ko hagu, waya biyu ke jan sa kamar linzami, kowace daga fedar ƙafar matuƙi har wutsiya. Wayar kaurinta kashi ɗaya cikin takwas na inci ne, tufka 7 kowace da sili 19, jimilla 133. Ta ƙarfe mai rufin tutiya sai an ja ta da nauyin fam 2,000, kusan kilo 900, kafin ta tsinke, alhali ƙa'idar ƙera ƙananan jirage ta Amurka ta kafin 2017 ta ƙiyasta takun matuƙi a fam 200. Ke nan ja kaɗai ba ya kashe ta. Guga ke kashe ta.

Shi ya sa hanyar da aka bi da ita ta fi kaurinta muhimmanci. Ƙa'idar ta ce zoben da ke riƙe waya kada ya karkata ta fiye da digiri 3, wato kamar santimita 5 a tsawon mita guda. In kwanar ta wuce haka, sai a sa fuli. A RV-6A wayar na ratsa haƙarƙarin jirgi ta cikin zobban roba, ta fito ta tsaga a gefen jiki dab da jela. Hudar da ta kauce wa layi ko da kaɗan ce, ko zoben da ya fice, sai wayar ta koma zarto: ko ta ci alminiyam, ko alminiyam ya ci ta. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake wannan kuskure. Tun jirgin yana ƙwarangwal ake huda ramukan, in an rufe fata aka buga ƙusoshi, gyara sai da rarrafe da tocila.

Yanayinmu ya ƙara wa abin nauyi. Wanda ya ga hunturu a Gwiwa ko Roni ya san ƙura ba ta neman izinin shiga. Ta bi tsagar nan ta kwanta cikin zobe, ta haɗu da maiƙo, ta zama kamar tokar wanke tukunya. A ganina, jadawalin duba da aka tsara wa ƙasa mai danshi bai ishe mu ba, ya kamata a riƙa dubawa a ƙarshen kowane hunturu.

Dubawar ma ba ta da tsada. A naɗe wayar da tsumma a bi ta a hankali, wani yana taka feda har ƙarshe don sashen da ke ɓoye cikin zobe ya fito fili. Inda tsumman ya sarƙe, sili ya karye. In a bakin zobe ne ko kan fuli, ko da sili ɗaya ne, sai a sauya wayar gaba ɗaya, sannan a binciki ramin da ya ci ta.