Rigakafin DNA da Cutar Haukan Kare: Nazarin Dacewarsa da Yankin Kakangi, Birnin Gwari

Tsakure

Maƙalar ta duba matsayin rigakafin DNA wajen daƙile haukan kare, ta kuma auna dacewarsa da Kakangi, inda ta nuna cewa jure zafi ne babban amfaninsa, amma bai kai ga maye gurbin alluran da ake da su ba.

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare. Ƙwayar cutar tana bin jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamomi irin su tsoron ruwa sun bayyana, da wuya majinyaci ya tashi. A Kakangi, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari mai gandun dajin Kamuku, karnukan farauta da na makiyaya suna kai-kawo tsakanin daji da gida.

2.0 Yadda Rigakafin Yake Aiki

Alluran da aka saba da su suna ɗauke da ƙwayar cutar da aka kashe ko aka raunana, kamar nau'in Flury da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ta daɗe tana sarrafa wa karnuka. Shi kuwa rigakafin DNA, ɗan zoben sinadarin gado ne da ake kira filasmid, wanda aka dasa wa umarnin ƙera furotin G, wato ƙayoyin da ke bayan ƙwayar cutar. Idan aka tsira shi a tsoka, jiki ne zai ƙera furotin ɗin, garkuwarsa ta shaida shi, ta yi tanadin yaƙarsa.

3.0 Sakamakon Gwaje-gwaje

A 1994 masana a Cibiyar Wistar ta Amurka suka nuna cewa dabarar tana kare ɓeraye, a 1998 aka gwada ta a kan birai, daga baya a kan karnuka a Tunisiya. Matsalar ita ce garkuwar takan yi jinkiri ko rauni a manyan dabbobi, alhali wanda mahaukacin kare ya ciza yana bukatar kariyar gaggawa.

4.0 Dacewarsa da Kakangi

Ana adana alluran yanzu a sanyin digiri 2 zuwa 8, sharaɗin da ke da wuyar cikawa inda lantarki bai wadata ba, rashin tsaro kuma ya sa hanya ta yi wuyar bi. Filasmid ya fi jure zafi, kuma ana iya sauya umarninsa don tunkarar ƙwayar Mokola, dangin haukan kare da aka gano a Ibadan a 1968, wadda alluran yanzu ba sa karewa daga gare ta.

5.0 Kammalawa

Tunda rigakafin DNA na haukan kare bai wuce matakin gwaji ba, abin dogaro a Kakangi shi ne yi wa kashi 70 cikin 100 na karnuka allura, da wanke cizo da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti.